Kwamitinmu na tara kuɗin rijiya ya yi sanyi, in rushe shi?

Wasiƙar wannan mako daga Mabera ta fito, cikin garin Sakkwato. Na taƙaita ta, na kuma cire sunaye.

"Assalamu alaikum Malam. Ni ne shugaban kwamitin da mutanen layinmu suka kafa don tara kuɗin haƙa rijiyar burtsatse mai sola, saboda abin da ake ba 'yan garuwa ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Mu 14 ne, har da mata biyu. An yi mana lissafin naira miliyan 9. Watanni biyun farko mun tara miliyan 3 da ɗoriya, kowa na rawar jiki. Yanzu muna wata na takwas, abin da ya ƙaru bai kai dubu 400 ba. Taron da muke yi duk daren Asabar mutum huɗu ko biyar ke zuwa. Duk mako ina sa jerin abin da kowa ya kawo a zaurenmu na WhatsApp, wanda bai kawo komai ba in rubuta sifili gaban sunansa. Ina tura musu hadisan falalar sadaka, ba mai tankawa. Makon jiya ɗaya daga cikin masu ƙoƙarinmu ya fice daga zauren ba sallama. Wani Alhaji da ya yi alkawarin miliyan ɗaya ranar ƙaddamarwa har yau shiru. Kuɗin na banki, ko kwabo ban taɓa ba, jira nake su cika. Ina tunanin in rushe kwamitin in nemo wasu masu himma. Mi kaka gani, Malam?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya saka maka da alheri a kan nauyin nan da ka ɗauka, ya sa a sha ruwan nan da rai da lafiya.

Kada ka rushe kwamitin. Sabbin da za ka kawo, ƙofofin da na yanzu suka riga suka ƙwanƙwasa su za su je su ƙwanƙwasa, kuma tambayar da ta sanyaya gwiwar na yanzu ita za a yi musu. Kafin wata uku sai ka sake rubuto mini irin wannan wasiƙa.

Ka bi yaro ɗaya daga cikin mutanenka da idon zuci. Karon farko ya shiga shagon abokin babansa a Tsohuwar Kasuwa da littafin rasit a hannu, ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Mai shago ya ce Allah ya yi albarka, ya ƙirgo dubu biyar ya ba shi, har da na kabu-kabu. Bayan wata huɗu ka sake tura shi. Wannan karon mai shago bai ɗago daga yadin da yake aunawa ba, ya ce a gaban yaran shago da masu ciniki: "To, ina kuɗɗin da munka ba ku? Ruwan sun zo?" Yaron nan ba shi da amsa sai "muna kan tarawa, Baba." Wani daga cikin yaran shago ya yi 'yar dariya. Ya fito cikin rana, ya biya kuɗin mashin daga aljihunsa, ya isa gida ya buɗe waya, ya tarar da sifili gaban sunansa da hadisi a ƙarƙashi. In kai ne, daren Asabar za ka zo taro?

Duk wanda ka tura neman taimako, mutuncinsa yake kashewa. Ba mai ba da kuɗi don kwamiti, mutum na bayarwa ne don fuskar wanda ya tsaya gabansa, don ya san ubansa, ko sun yi makaranta tare, ko yana jin nauyinsa. Miliyan ukun da kuka tara cikin wata biyu na yayye ne da surukai da abokan aiki, kuɗin da ke fitowa da sallama ɗaya. Irin wannan kuɗi ƙarewa yake, a kowane kwamiti, ko da waliyyai ne a ciki. Abin da ya rage yanzu shi ne komawa ga wanda ya riga ya bayar ko tunkarar wanda bai san ku ba, kuma dukansu biyu so suke su ga wani abu a ƙasa. Wata takwas mutanenka na kashe mutuncinsu, kai kuma ba ka ba su abin da za su mayar da shi ba. Aikin shugaba ke nan a irin wannan tafiya, ya fi zaman ƙirga wa ya kawo nawa.

Saboda haka maganar da ka yi da alfahari, cewa ko kwabo ba ka taɓa ba, a nan matsalar take. Amanarka abin yabo ce. Sai dai kuɗin da ke kwance a banki raguwa yake yi ko ba a cire sisi ba. A shekarar 2024 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 30 cikin 100 bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa, kuma bututu da sumo, wato injin da ke turo ruwa daga ƙasan rijiya, da faifan sola duk farashinsu na bin dala. Lissafin miliyan 9 da aka yi muku wata takwas baya, ka je ka sake tambaya ka ji. Wanda ya ce sai kuɗi sun cika zai fara aiki, yana iya shekara yana bin lissafin da ke gudu a gabansa.

Rijiyar burtsatse ba a rana ɗaya ake gama ta ba, mataki-mataki ce. Akwai binciken ƙasa don gano inda ruwa yake, akwai haƙa da zura bututu, sannan sumo, sannan sola, sannan ƙarfen da zai ɗauki tanki da tankin kansa, sai famfuna da siminti. Ku nemi masu haƙa uku su ba ku farashi a rubuce, kowane mataki da kuɗinsa. Ku tambayi kowannensu rijiyar da ya haƙa a Mabera ko kusa da ku, ku je da ƙafarku ku ga ko tana ba da ruwa a watan Afrilu, don rijiyar da ke cika da damina ba ita ce shaida ba. Ku tara dattawan layi da liman ku ce musu za a fara da abin da ke hannu, su amince a gaban juna. Kada a biya mai haƙa duka tun farko, a riƙe wani kaso sai an ga ruwa.

Ranar da motar haƙa ta shigo layinku za ka ga abin da hadisanka na WhatsApp suka kasa yi. Yara za su cika wurin, mata na leƙowa ta zaure, ƙarar inji ta hana kowa barcin rana, kuma lokacin da ruwan laka ya yi tsartuwa sama har wanda bai taɓa ba da naira ba sai ya ce "rijiyarmu". Ka tabbata mutanenka duka suna tsaye a wurin, a ɗauki hotonsu da bidiyo, kowa ya samu a wayarsa. Yaron nan na Tsohuwar Kasuwa, in ya koma shagon abokin babansa, waya kawai zai miƙa. Gani ya kori ji.

Daga nan ka daina ambaton miliyan 9 da miliyan 6 da suka rage. Mutum in ya kawo dubu goma aka jefa cikin ramin miliyan shida, ji yake bai yi komai ba. Ka ce musu wannan wata kuɗin sumo muke nema, kaza ne, zuwa ranar kaza. In ya samu a saya, a ajiye shi gaban masallaci kowa ya gani, a yi addu'a, sannan a ambaci na gaba. Wannan yana sauƙaƙa wa mai roƙo bakinsa ma. "Alhaji, a taimaka mana" magana ce mai nauyi da kowa ya gaji da ji. "Alhaji, tanki ɗaya ya rage mana, ko za a ɗauke shi sadaka ga marigayi?" magana ce da mutum zai kwana yana tunani. Da yawa a garin nan sun fi sakin jiki su sayi abu da hannunsu su kawo, buhun siminti goma ko faifan sola biyu, a kan su tura kuɗi asusun da ba su san mai shi ba. Ku karɓa, ku rubuta, ku ba da rasit.

Jerin nan mai sifili kuwa, ka goge shi yau. Na san niyyarka gasa ce ta alheri, amma duba waɗanda ka haɗa tsere. Wanda ke aiki a ma'aikata, wayarsa cike da lambobin daraktoci, kira biyu zai yi ya kawo dubu ɗari. Yaron da ke koyon ɗinki zai zaga gida ashirin ya haɗa dubu bakwai, ɗari biyar-biyar, ɗari biyu-biyu. A jerinka na farko gwarzo ne, na biyu yana can ƙasa, alhali shi ya fi shan rana. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa lokacin da aka yi umarni da sadaka, sahabbai har dako suke yi don su samu abin bayarwa. Wani ya kawo mai yawa, munafukai suka ce riya ce, wani ya kawo ɗan abin awo, suka ce Allah ba ya bukatar wannan, sai aya ta 79 ta Suratut Tauba ta sauka tana zargin masu aibata waɗanda ba su da abin bayarwa sai iyakar ƙoƙarinsu. Ban ce kai mai aibatawa ba ne, ƙanena, Allah ya kiyaye. Amma sifilin nan a gaban mutum 13, ga wanda aka rubuta wa, zafinsa ɗaya.

Hadisan ma ka canza musu masauki. Wanda ya bar sana'arsa ya shiga rana yana roƙo don unguwa ta sha ruwa ya san falalar sadaka, shi ya sa ya fito. In ka ci gaba da tura masa, abin da yake ji shi ne ana tuhumar imaninsa. Ka ba liman ya karanta wa jama'a bayan sallah, inda masu bayarwa suke.

Abin da ya kamata ya riƙa fita duk mako shi ne lissafin kwamiti gaba ɗaya: abin da ya shigo, abin da ya fita da dalilinsa, abin da ya rage, da hoton takardar banki. A liƙa kwafi a bangon masallaci duk ƙarshen wata. Ka ce kuɗin na banki, amma ba ka ce da sunan wa ba. In asusunka ne na kanka, komai gaskiyarka, akwai mai gunaguni a bayan ido, kuma mutanenka ne ke jin gunagunin a majalisa, kai ba za a faɗa a gabanka ba. Ku buɗe asusu da sunan ƙungiya wanda kuɗi ba ya fita sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu, ko da hakan zai sa ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Da wannan takarda da lissafi mai tsabta kuna da fuskar rubuta wa Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ko wata gidauniya ku nemi a cika muku wani mataki. A samu ko kada a samu, wasiƙa ba ta cin komai.

Akwai abin da wasiƙarka ba ta ambata ba ko sau ɗaya, wato wa ke biyan kuɗin mai da na kati. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, zagaya garin Sakkwato a kan mashin daga Mabera zuwa Kara zuwa Arkilla ya tashi daga abin da ake yi don Allah ba a ji ba. Matashin da ba shi da albashi ba zai ce maka "Shugaba, ba ni da na mai" ba, kunya ba za ta bar shi ba. Zai dai daina zuwa, kai kuma ka ce ya yi sanyi. Addinin da ya sa ma'aikatan zakka cikin kaso takwas na masu cin ta, a aya ta 60 ta Suratut Tauba, ya san mai tarawa yana da ciki da iyali. Ba ina cewa ku yanka wa kanku kaso daga kuɗin rijiya ba. Wanda ya bayar don rijiya, rijiya ya nufa, kuma kason ma'aikatan zakka hukunci ne na wanda hukuma ta naɗa, ku tambayi malaminku kafin kowa ya yi wa kansa fatawa. Hanya mai tsabta ita ce ƙaramin asusu dabam na zirga-zirga. Ka samu mutum ɗaya ko biyu masu hali ka ce musu ƙarara: wannan ba na rijiya ba ne, na man yaran da ke yawon rijiya ne. Akwai masu son irin wannan ladar. Duk wanda aka aika a ba shi kafin ya fita, ba sai ya roƙa ba, a kuma rubuta.

Ku kuma yanke hukunci tun yanzu a kan ɗan abin da mai bayarwa kan damƙa wa ɗan aike ya ce "ga na ruwa". Labarin sahabin da aka aika karɓar zakka ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka yi mini, sananne ne, da yadda Manzon Allah (SAW) ya hau mimbari ya yi faɗa a kai. Mafi aminci a kawo shi asusun zirga-zirga a raba a fili, don kada gobe wani ya ce wane da rijiyar nan yake ci.

Iyayenmu da ke kiran gayya sun fahimci abin nan sarai. Mai gona ba ya tara samari ya tsaya bakin kunya yana ƙirga wa ya yi kasala. Fura na zuwa da hantsi, makaɗi na bin kowa da kirarinsa har raggon cikinsu ya ji kansa ya yi girma, kuma kowa ya san in an kai waccan bishiya an tashi. Kwamitinka ba fura, ba kirari, ba kuma wanda ya san ranar tashi. Ka sa wa'adi. Ka ce daga yau zuwa mako shida za mu yi na sumo, sannan kowa ya huta mako biyu, ba taro ba aike. Ka duba kalanda kafin ka sa: daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan na haura digiri 40, ba lokacin tura mutum yawon rana ba ne, sai sammako ko bayan la'asar. Ma'aikaci ana samun sa a ƙarshen wata, ɗan kasuwar Kara gab da layya, mai albasa bayan ya kwashe ya sayar, jama'a gaba ɗaya kuma cikin azumi. Tsakanin waɗannan lokuta in kuɗi ya ja baya, ba laifin kowa ba ne.

Yabo kuma a yi shi da suna, a bainar jama'a, a faɗi abin da mutum ya yi. "Muna gode wa kowa da kowa" ba ta shiga zuciyar kowa. A ce wane ya zaga gida ashirin a layin baya, wance ta sa matan makarantar dare sun haɗa kuɗin famfo biyu. Ka roƙi liman ko mai unguwa ya ambace su ya sa musu albarka ranar da aka kawo kaya. Wannan ba baƙon abu ba ne a Sakkwato. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta kafa tsarin 'Yan Taru na karantar da mata ba ta bar jagororin matan haka kawai ba. Kowace jaji sai an naɗa ta, a ba ta malfa da jan rawani, duk ƙauyen da ta shiga an san aikin da ta ɗauko da wanda ya ɗora mata. Matan nan a ƙasa suke takowa daga ƙauyuka, ba albashi, tsarin kuma ya rayu bayan ranta. Mutanenka ko katin shaida mai hoto da sa hannun mai unguwa ka yi musu, zai rage musu kallon 'yan damfara a ƙofar wanda bai san su ba.

Ba dole ne duka 14 su yi roƙo ba. Akwai wanda harshensa ke nauyi a gaban manya amma in ka ba shi littafin lissafi ba za a rasa naira ba. Akwai wanda zai wuni kan masu haƙa yana ƙirga bututun da aka zura. Akwai mai iya waya da 'yan layinku da ke Abuja da Legas da Kano, waɗanda iyayensu mata ke sayen ruwan nan kullum. Ka tambayi kowa, shi kaɗai, wane ɓangare zai iya riƙewa ba tare da ya takura ba. Matan nan biyu kuma, taron dare ka sa, ta yaya za su zo? Su ne fa ke shiga inda ku ba ku shiga, gidajen suna da biki da wurin adashi, kuma su suka fi kowa sanin abin da jarka ke ci a wata. A mayar da taro bayan la'asar, mako biyu sau ɗaya, a karanta lissafi, a raba aiki, a shafa fatiha kafin magariba. Taron da ake shafe awa biyu ana maimaita "ya kamata mu ƙara himma" ni ma da ina cikinku da tuni na fara ciwon kai duk daren Asabar.

Alhajin miliyan ɗaya, ka cire kuɗinsa daga lissafin da kuke dogaro da shi, don kada mutanenka su riƙa jin an ci su bashi. Alkawarin ranar ƙaddamarwa, a gaban lasifika da jama'a, sau da yawa ya fi aljihun mai shi. Kada ka ƙara tura yaro gidansa, kuma kada wani ya yi masa habaici a Facebook. Ka ɗauki liman ko wani dattijo sa'ansa ku je gaisuwa, ku gayyace shi ya zo ya sa albarka ranar haƙa, ku buɗe masa ƙofa: in da hali a biya kashi-kashi, ko ya ɗauki ƙarfen tanki ya sa a ƙera. Mutum mai jin kunyar alkawarin da ya gagare shi yakan yi murna in aka nuna masa hanyar fita da girmansa.

Wanda ya fice daga zauren kuwa, kada ka kira shi a waya, kada kuma ka sa a mayar da shi ba da saninsa ba. Ka je gidansa da kanka bayan isha'i, ba littafin rasit a hannunka. Ka gode masa a kan abin da ya yi, ka ambata masa su ɗaya bayan ɗaya don ya san kana sane, ka gaya masa ka cire jerin nan, sannan ka tambaye shi abin da ya ɓata masa rai, ka yi shiru ya gama ko da maganar a kanka za ta sauka. Mai yiwuwa abin da zai faɗa shi ne abin da sauran tara da suka daina zuwa ke faɗa a majalisa. In ya ce ya gaji, ka karɓi uzurinsa da fuska a sake, ka ce masa ranar da motar haƙa za ta zo kana son ya tsaya kusa da kai.